Jagora ga Wanda Aka Naɗa Mai Riƙon Amana: Abin da Doka Ta Ɗora Masa

Idan mutum ya ware wani ɓangare na dukiyarsa, gida ne ko gona ko hannun jari ko tsabar kuɗi, ya mayar da shi sunanka a rubuce don ka riƙe wa waɗansu, to a idon doka ka zama mai riƙon amana. Sunanka ne a takardun mallaka, kai banki ya sani, kai za ka sa hannu in za a sayar, kai kuma za a kai ƙara in an samu matsala. Amma moriyar dukiyar ba taka ba ce. Mutane uku ne a cikin sha'anin: wanda ya kafa amanar, mai riƙonta, da masu cin moriyarta.

Wannan tsari ya taso ne daga tsohuwar kotun Chancery ta Ingila, ya bazu zuwa ƙasashen da suka gaji dokar Ingila, har da Amurka. Kowace ƙasa tana da nata ƙa'idojin, shi ya sa dole ka nemi lauyan da ya san dokar wurin da aka kafa amanar. Sai dai ginshiƙan aikin kusan ɗaya ne ko'ina, kuma wanda ya san aikin mai kula da waƙafi a fiƙihu zai ga kamanni da yawa.

Kada a haɗa mai riƙon amana da wasiyyi ko wakili. Wasiyyi yana tattara abin da mamaci ya bari, ya biya bashi, ya raba, ya huta. Wakili yana bin umarnin wanda ya wakilta shi, kuma ana iya sallamarsa kowane lokaci. Mai riƙon amana kuwa takardar amana yake bi, aikinsa yana iya kai shekara 20 ko fiye, kuma da zarar an kammala kafa amanar, ko wanda ya kafa ta ba shi da ikon ba shi umarni sai in ya keɓe wa kansa wannan iko a cikin takardar.

Mataki na farko: kafin ka ce to

Ba a tilasta wa kowa wannan aiki. Kana da damar ƙi, amma kafin ka taɓa komai. Da zarar ka fara karɓar kuɗin haya, ko ka sa hannu a wata takardar banki da sunan amanar, doka tana ɗauka ka amsa ko da bakinka bai furta ba. In za ka ƙi, ka ƙi a rubuce, ka ƙi gaba ɗaya. Ba a karɓar rabi a bar rabi.

Ka nemi a ba ka takardar amanar, da jerin dukiyar, da sunayen masu cin moriya da shekarunsu. Ka tambaya ko akwai bashi a kan dukiyar, ko shari'a a kotu, ko harajin da ba a biya ba. Ka san da wa za ka yi aikin. Sannan ka dubi kanka: kana kasuwanci da kamfanin da amanar take da hannun jari a cikinsa? Kana da ido a kan ɗaya daga cikin filayen? Kai ma kana cikin masu cin moriya? Wannan na ƙarshe doka ba ta hana ba, amma yana ninka wahalar aikin, domin duk hukuncin da ka yanke wani zai ce kanka ka so.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne amana ba kamfani ba ce, ba ta da matsayin mutum a doka. In ka ɗauki magini ya gyara rufin gidan amana, kai yake bi bashi. Kana da haƙƙin biyan kanka daga dukiyar amanar muddin kashe kuɗin ya dace, amma in dukiyar ba ta isa ba, sauran a wuyanka yake, sai dai in an rubuta a yarjejeniyar cewa alhakinka bai wuce abin da amanar ta mallaka ba. Ka riƙa sa wannan sharaɗi a duk wata babbar yarjejeniya.

Mataki na biyu: karanta takardar, ka sake karantawa

Tun daga shari'ar Knight da Knight ta 1840, kotuna suna neman abu uku kafin su yarda an kafa amana: niyya bayyananniya, dukiya sananniya, da masu cin moriya da za a iya tantancewa. Wanda ya rubuta "ina fata ɗan'uwana zai taimaka wa yarana" bai ɗora wa kowa wajibi ba. Wanda ya ce "mafi yawan dukiyata" bai fayyace dukiyar ba. In ka ga irin wannan lafazi, ka tsaya sai lauya ya duba.

In takardar ta inganta, ka fitar da amsar waɗannan tambayoyi a shafi guda: wa ke cin ribar dukiyar, wa zai karɓi uwar kuɗi, kuma yaushe? Rabon kowa a ƙayyade yake, ko an bar maka zaɓi? An ba ka ikon sayarwa, ba da haya, cin bashi, ko ci gaba da kasuwanci? Akwai wanda sai da izininsa za ka yi wani abu? An yanka maka ladan aiki? Wa ke da ikon naɗa sabon mai riƙo ko cire tsoho?

Abin da takarda ba ta ba ka iko a kai ba, dokar ƙasa ma ba ta ba ka ba, to haramun ne gare ka, ko da kana ganin alheri ne. Inda lafazi ya rikice, kana iya zuwa kotu ta fassara maka, kuma bisa al'ada daga dukiyar amanar ake biyan kuɗin wannan.

Mataki na uku: kama dukiyar

A makonnin farko aikinka shi ne ka tabbatar komai ya shigo hannunka. A sauya sunan takardun filaye da hannun jari zuwa naka da na abokan riƙonka, tare da nuna cewa riƙon amana ne. A sa ƙwararre ya ƙiyasta darajar manyan kadarori a ranar da ka karɓa, domin daga wannan adadi za a riƙa auna aikinka. A yi wa gine-gine inshora. A bi duk wanda amanar take bi bashi kafin wa'adin kai ƙara ya wuce. Jin nauyin wanda ake bi bashin don ɗan'uwa ne ba hujja ba ce.

In gadon aikin ka yi daga wani, ka duba lissafin da ya bari. Ba kai za ka ɗauki laifinsa ba, amma in akwai giɓi a fili ka kawar da kai, shirunka ya zama naka laifin.

Ka sanar da masu cin moriya. A Amurka, kundin dokar amana na bai-ɗaya da aka tsara a 2000, wanda fiye da jihohi 30 suka ɗauka, ya ba sabon mai riƙo kwana 60 ya sanar da su cewa ya karɓi aikin, da sunansa da inda za a same shi. Ko dokar ƙasarka ba ta sa wa'adi ba, wannan ma'auni ne mai kyau. A nan ne kuma za ka bincika ko ana bukatar yi wa amanar rajista a hukumar haraji.

Mataki na huɗu: asusu daban

Ka buɗe wa amanar asusun banki nata na kanta, kada kuɗinta ya kwana a naka ko dare ɗaya. Dalilai biyu ne. Dukiyar amana ba ta shiga cikin abin da masu bin ka bashi za su ƙwace in ka karye, amma sai in ana iya nuna ta a ware. Na biyu, in ka cakuɗa, kotu za ta fassara duk wani shakku a kanka.

Ga yadda abin yake. A ce kana da miliyan 2 a asusunka, ka zuba miliyan 5 na amana, sannan ka cire miliyan 3 ka kashe a hidimarka. Bisa hukuncin shari'ar Hallett ta 1880, za a ɗauka naka ka fara ci. Miliyan 4 da suka rage duk na amana ne, kuma ana bin ka miliyan 1. In kuwa da kuɗin da ka cire ka sayi fili darajarsa ta ninka, masu cin moriya suna iya bin sawun kuɗinsu har cikin filin su nemi rabonsu na ƙarin. Riba tasu, asara taka.

Mataki na biyar: kada ka ci komai ta dalilin kujerar

Nan ne mutanen kirki suka fi faɗawa, domin ƙa'idar ba ta tambayar niyya. A shari'ar Keech da Sandford ta 1726, wani yana riƙe wa ƙaramin yaro hayar kasuwar Romford. Da wa'adi ya cika, mai kasuwar ya ƙi sabunta wa yaron, sai mai riƙon ya karɓa da sunansa. Yaron bai rasa komai ba, tunda dama ba za a ba shi ba. Duk da haka kotu ta sa aka mayar masa da hayar da duk ribar da aka ci. Hikimar ita ce, in aka bar mai riƙo ya ɗauki abin da aka hana wanda yake riƙe wa, ba wanda zai ƙara dagewa wajen nema wa yaro.

Bayan shekara 240 kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta sake tabbatar da wannan a shari'ar Boardman da Phipps ta 1966. Lauyan amana ya samu bayanai kan wani kamfani ta dalilin aikinsa, ya sayi hannun jari da kuɗinsa, ya gyara kamfanin, amanar ta ci riba, shi ma ya ci. Ba wanda ya zarge shi da ha'inci. Amma saboda bai samu cikakken izini ba, aka ce ya amayar da ribarsa, sai dai aka yanka masa ladan wahala.

A aikace, ka kiyaye waɗannan. Kada ka sayi kadarar amana, ko a gwanjo, ko da ka biya sama da farashin kasuwa; kowane mai cin moriya yana iya warware cinikin. Kada ka sayar wa amanar kayanka. Kada ka ranta wa kanka kuɗinta, ko kamfaninka, ko matarka. Kada ka karɓi la'ada daga dillali ko banki don ka kai musu harkar amana. Hanyoyin halatta irin wannan uku ne kawai: takardar ta yarda a fili, ko duk masu cin moriya, baligai masu hankali, sun amince bayan an faɗa musu komai, ko kotu ta ba da izini.

Haka batun lada yake. Asalin ƙa'ida ita ce aikin kyauta ne, kuɗin da ka kashe kawai za a mayar maka. Dokar masu riƙon amana ta Ingila ta 2000 ta buɗe ƙofar lada ga kamfanonin amana da ƙwararru, a jihohin Amurka kuma ana yarda da lada daidai gwargwado. In takarda ba ta ce komai ba, ka binciki doka kafin ka ciri ko sisi.

Mataki na shida: juya dukiyar

Ajiye kuɗi su yi ta kwana ba tsare amana ba ne. In tsadar kaya tana hawa kashi 10 cikin 100 kowace shekara, cikin shekara 7 kuɗin da aka ajiye sun rasa kusan rabin ƙarfinsu. Doka tana so ka juya dukiyar, amma da irin hattarar mai hankalin da yake saka jari domin waɗanda nauyinsu yake wuyansa, ba domin kansa ba. Wannan ma'auni ya fito a shari'ar Learoyd da Whiteley ta 1887, inda masu riƙo suka ba da rance bisa jinginar wurin yin tubali, sana'ar ta durƙushe, aka sa su biya. Mutum yana iya yin kasada da kuɗinsa, ba da na marayu ba.

Dokar Ingila ta 2000 ta zayyana abin da ake bukata: ka duba dacewar jarin da wannan amana, ka yi la'akari da rarraba shi, ka nemi shawarar masani sai in dukiyar ta yi ƙanƙanta da har shawarar ba ta da amfani, kuma ka riƙa sake dubawa lokaci-lokaci. Wanda yake ƙwararre, ko ya nuna kansa a haka, ana auna shi da ma'auni mafi tsauri. Ba a hukunta mai riƙo don kasuwa ta faɗi. Ana hukunta shi ne don ya zuba komai wuri ɗaya, ko bai nemi shawara ba, ko ya shekara biyar bai waiwayi jarin ba. Saboda haka ka rubuta manufar saka jarin, ka ajiye shawarar da aka ba ka, ka sake zama a kanta aƙalla sau ɗaya a shekara.

Wajen sayarwa ma haka: farashi mafi tsoka kake nema. A shari'ar Buttle da Saunders ta 1950, masu riƙo sun yi alkawarin baki da wata mai saye, sai wani ya zo da tayi mafi yawa kafin a ƙulla yarjejeniya. Sun so su cika alkawari don mutunci, kotu ta ce ba su da wannan dama, domin kuɗin da za su yi kara da shi ba nasu ba ne.

Mataki na bakwai: adalci tsakanin masu cin moriya

A ce takarda ta ba matar mamaci ribar dukiya iya rayuwarta, bayanta uwar kuɗi ta koma ga 'ya'ya. Ita tana son jarin da ke kawo kuɗi da yawa yau, su suna son wanda darajarsa za ta hau nan da shekara 15. In ka bi nata kaɗai ka cuci yara, in ka bi nasu ka bar ta da yunwa. Aikinka ka tsaya a tsakiya, kuma ka raba littafin riba da na uwar kuɗi. Ƙananan gyare-gyaren gida daga kuɗin haya ake cirewa, babban gini kuwa daga uwar kuɗi.

Inda aka bar maka zaɓin wa za a ba da nawa, dole ka zauna ka yi nazari da kanka: bukatar kowa, abin da yake da shi, da manufar wanda ya kafa amanar. Wasiƙar da ya bari ta bayyana burinsa abin dubawa ce, amma ba umarni ba ce. A shari'ar Turner da Turner ta 1984, masu riƙo sun riƙa sa hannu a duk takardar da mai kafa amanar ya miƙo musu ba tare da sun san abin da ke ciki ba, kotu ta soke rabon da suka yi.

Mataki na takwas: lissafi da bayani

Kowane kuɗi da ya shigo ko ya fita ya kasance da rasit da dalili. Kowace shekara ka fitar da bayanin da ya nuna abin da aka fara da shi, abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da aka raba, ladan da ka ɗauka, da darajar abin da ya rage. Masu cin moriya suna da haƙƙin ganin takardar amana da lissafi. Dalilan da suka sa ka fifita wani wajen zaɓi kuwa yawanci ba dole ne ka bayyana ba, ko da yake tun shari'ar Schmidt da Rosewood ta 2003 an tabbatar cewa kotu ce mai magana ta ƙarshe kan abin da za a nuna.

Wanda yake riƙe wa danginsa ya fi kowa bukatar wannan. Sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma yaron da yake ce maka baba yau, shi ne zai zo da lauya in ya girma.

Mataki na tara: abokan riƙo da masu taimako

A dokar Ingila, masu riƙon amanar iyali sai sun haɗu gaba ɗaya kan hukunci. A kundin Amurka rinjaye ya wadatar. Ko wanne ne, babu mai riƙo na jeka-na-yi-ka. Wanda ya sakar wa abokinsa komai ya koma gefe, in abokin ya yi ɓarna su biyu za a kama, kuma mai ƙara yana iya karɓar dukan diyyar daga hannun wanda ya fi ƙarfi. Ka sa banki ya nemi sa hannun mutum biyu.

Kana iya ɗaukar lauya, akanta, ko manajan jari, da yarjejeniya a rubuce da sa ido a kai a kai. Amma hukuncin wa za a ba da nawa ba ya wakiltuwa.

Mataki na goma: rabo

Biyan wanda bai cancanta ba saɓa amana ne ko da yaudararka aka yi. A shari'ar Eaves da Hickson ta 1861 an kawo wa mai riƙo takardar aure ta jabu, ya biya a kanta, aka ɗora masa alhaki. Ka tantance takardun haihuwa, aure da mutuwa daga tushe. A Ingila ana buga sanarwa a jaridar gwamnati a ba masu da'awa wa'adin da bai gaza wata biyu ba, wanda hakan ke kare mai riƙo daga da'awar da bai sani ba. In wani mai rabo ya ɓace, kotu tana iya ba ka izinin rabawa bisa zaton ya mutu.

Ka biya haraji da basussuka tukuna, ka riƙe wani abu saboda abin da ka iya tasowa. Kada ka miƙa wa ƙaramin yaro rabonsa hannu da hannu, domin rasit ɗinsa ba ya wanke ka. Duk wanda ya karɓa ya sa hannu a gaban shaidu. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ma umarnin da ta yi ke nan game da dukiyar marayu.

Ka kuma san cewa masu cin moriya suna iya rufe amanar kafin lokacinta. A shari'ar Saunders da Vautier ta 1841 an ce a riƙe wa saurayi hannun jari sai ya kai 25, ya nema yana da 21, kotu ta ba shi, tunda shi kaɗai ne mai haƙƙi. A Ingila haka abin yake in duk masu haƙƙi baligai ne kuma bakinsu ɗaya. Kotunan Amurka sun fi tsauri, sukan ƙi in rufewar za ta rushe wata babbar manufar amanar.

In abu ya lalace, da yadda ake sauka

Wanda ya saɓa amana zai mayar da dukiyar yadda za ta kasance da bai saɓa ba, daga aljihunsa, ko ya amayar da ribar da ya ci, kuma ana iya cire shi. Ba ya iya cewa ribar da ya kawo a wata harka ta shafe asarar da ya jawo a wata harka daban. Takardu da yawa suna ɗauke da sharaɗin yafe wa mai riƙo kuskure, kuma shari'ar Armitage da Nurse ta 1997 ta yarda da shi har ga sakaci mai yawa, amma ba ya rufe ha'inci. Sashe na 61 na dokar masu riƙon amana ta Ingila ta 1925 ya ba kotu damar sassauta wa wanda ya yi aiki da gaskiya da hankali, sai dai ƙwararre mai karɓar lada ba kasafai yake samun wannan ba. Wa'adin kai ƙara a Ingila shekara 6 ne, amma babu wa'adi in akwai zamba ko dukiyar tana hannun mai riƙon.

Kafin ka shiga shari'a da sunan amana, ka nemi izinin kotu tukuna, in ba haka ba kuɗin shari'ar da aka faɗi yana iya komawa kanka.

Sauka kuma ba a yin ta da daina zuwa. Ka bi hanyar da takarda ta tsara. In ba ta tsara ba, kundin Amurka ya nemi sanarwar kwana 30, a Ingila kuwa sai an naɗa magaji ko a bar aƙalla mutum biyu ko kamfanin amana. Ka rufe lissafi zuwa ranar saukarka, ka sauya sunan kowace kadara zuwa na magajinka, ka karɓi takardar da ta ba ka damar neman biya in wani tsohon bashi ya biyo ka, ka ajiye kwafin komai. In kana da dalilin zaton wanda zai gaje ka ɓarna zai yi, kada ka miƙa masa. Ka kai maganar kotu ta naɗa wani.